KWOI: ƘASAR CITTA DA WAƘA, AMMA INA RABON MAI WAƘAR?

Abu biyu ne ƙasar Kwoi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jaba da ke kudancin Jihar Kaduna, take fitarwa da yawa zuwa waɗansu wurare, watau citta da waƙa. Ita citta ana auna ta da buhu, a yi ciniki, a biya manomi, ko da kuwa dillali ne zai kwashe kaso mafi tsoka. Ita kuwa waƙa haka nan take fita, ba ciniki ba sallama. Wata mata za ta ƙaga ta a gona ko a bakin murhu, ta koya wa 'yan'uwanta na Zumuntar Mata, su rera ta a babban taro, kafin shekara ta kewayo an ji ta a Kafanchan da Kaduna da Jos da Abuja, har wani ya shiga situdiyo ya ɗauke ta ya sa sunansa a kai. Wadda ta ƙaga ta kuwa ko ambatonta ba za a yi ba.

Wannan shi ya sa maganar shirya taron bita domin masu tsara waƙa ta dace da Kwoi ƙwarai da gaske. Amma fa taro suna ya tara. Akwai wanda za a yi a ci shinkafa, a raba takardar shaida, a watse. Akwai kuma wanda zai gyara zaman mai waƙa da na 'ya'yansa. Abin da ya raba su shi ne shiri.

INDA WAƘAR TA SAMO TUSHE

Mutanen Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba, sun gaji waƙa tun kaka da kakanni. Akwai ta noma, akwai ta biki, akwai ta makoki, kuma har yanzu ana jin irinsu a bikin Tuk Ham da aka saba yi a Kwoi wajen lokacin Ista, inda ƙungiyoyin makaɗa da 'yan rawa daga ƙauyuka suke fitowa gaban Kpop Ham, sarkin ƙasar.

A 1910 ne 'yan mishan na SIM suka kafa tasha a Kwoi, wadda tana cikin tashoshinsu na farko-farko a Arewa. Daga aikin wannan mishan ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Da yake ƙabilun wannan yanki suna da yawa, kowace da harshenta, sai Hausa ta zama harshen sujada, musamman bayan an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Littafin Waƙoƙi da aka riƙa amfani da shi a majami'u kuwa yawancinsa fassara ce ta waƙoƙin Turai, da muryoyinsu na can.

Mata ne suka juya al'amarin. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata suka shigo da tulu da ganga da kacau-kacau cikin majami'a, suka dinga ƙaga sababbin waƙoƙi irin na gida, mai bayarwa na bayarwa, 'yan amshi na amsawa. 'Yan kwaya da ƙungiyoyin matasa suka bi sahu. Ta haka kowace gunduma ta sami masu tsara waƙa nata, waɗanda ba su taɓa shiga ajin kiɗa ba, amma duk shekara sai sun fito da sabuwa domin taro ko gasa. Yawancin waɗannan waƙoƙi a ka suke, ba a takarda ba, ba a faifai ba. In mai su ya mutu, waɗansu su bi shi, waɗansu kuma su zama na wanda ya riga kowa zuwa situdiyo.

Ƙauyen Nok yana cikin wannan ƙaramar hukuma ta Jaba. A can ne masu haƙar kuza suka tono gunkin yumɓu a 1928, wanda daga baya ya sa duniya ta san fasahar Nok, mai shekara fiye da dubu biyu. Yau waɗannan gumaka suna gidajen tarihi na Jos da na Turai, amma babu mahalukin da ya san sunan maginin ko guda ɗaya. Su magina Nok suna da hujja, don ba su bar rubutu ba. Mai waƙar yau yana da biro a aljihu da waya a hannu.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Nijeriya ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1970, amma mawaƙa suka ga ba ta da haƙora, domin masu satar fasaha suna buga kaset yadda suka ga dama. Ƙungiyar mawaƙa ta PMAN, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980, ta yi ta matsa wa gwamnati har da zanga-zanga, sa'an nan gwamnatin soja ta Janar Babangida ta kafa Doka ta 47 a 1988. A 1989 aka buɗe majalisar da daga baya ta zama Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, watau NCC. Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023.

Abu huɗu ne a cikin dokar suka fi shafar mai tsara waƙa a Kwoi. Na farko, doka ba ta kare waƙa sai an ajiye ta a wani abu da za a iya komawa a gani ko a ji, ko rubutu ne ko ɗaukar murya. Ɗauka da wayar hannu ma ta isa. Na biyu, mallakar waƙa tana nan muddin ran mai ita, sa'an nan ta ƙara shekara 70 bayan mutuwarsa, watau gado ce kamar gona. Na uku, waƙa daban take da faifanta. Wanda ya ƙaga kalmomi da murya shi ne mai waƙa, wanda ya ɗauki nauyin ɗauka a situdiyo yana iya zama mai faifai, kuma mallakar faifai shekara 50 take yi. Na huɗu, ba a sayar da mallakar waƙa da fatar baki, dole sai a rubuce.

Har ila yau dokar ta yi tanadi domin waƙoƙin gargajiya da ba a san mai su ba. Duk mai son ya yi kasuwanci da irin waɗannan a wajen da ba na al'adarsu ba, sai ya nemi izinin Hukumar. Wannan ya shafi tsofaffin waƙoƙin Ham kai tsaye.

Akwai kuma ƙungiyoyin da ke karɓo wa masu waƙa kasonsu daga gidajen rediyo da talabijin da otal-otal. MCSN ta fara a 1984, COSON kuma ta sami lasisi a 2010, kuma an shafe shekaru ana taƙaddama da shari'a a kan wadda ke da ikon karɓa. Hukumar NCC ce ke ba da lasisin, saboda haka bakinta ya kamata mai waƙa ya ji kafin ya sa hannu a takardar kowa.

SULE GOMA NA SOLOMON LINDA

Wanda ke ganin wannan magana ta manyan birane ce, sai ya dubi labarin Solomon Linda, Bazule daga Afirka ta Kudu. A 1939 ya shiga situdiyon kamfanin Gallo a Johannesburg tare da 'yan amshinsa, suka ɗauki waƙar da ya kira Mbube. An ba shi sule goma. Waƙar ta ƙetare teku zuwa Amurka, aka sake mata suna da kalmomi, ta zama The Lion Sleeps Tonight a 1961, daga baya kuma kamfanin Disney ya sa ta a fim ɗin The Lion King a 1994. Kuɗin da ta tara ba ƙanana ba ne. Shi kuwa Linda ya mutu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006, bayan an kai ƙara kotu, aka sasanta da iyalinsa aka fara ba su kaso.

Linda bai rasa basira ba. Abin da ya rasa shi ne wanda zai zaunar da shi na yini ɗaya ya faɗa masa darajar abin da ke bakinsa.

BA YAU AKA FARA BA

Taruwar masu waƙa domin su gyara wa juna ba baƙon abu ba ne a Arewa. Makaɗan gargajiya da yawa daga amshi suka fara, suna bin ubangida shekara da shekaru kafin su kafa tasu ƙungiya. A Kano kuma, cikin shekarun 1970, marubuta waƙa suna da ƙungiyoyi irin su Hikima Kulob ta Alhaji Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Alhaji Aƙilu Aliyu, inda ake haɗuwa a karanta waƙoƙi, ana kuma jin su a rediyo. A Kaduna, marigayi Bala Miller ya tara samari ya horar da su da kansa, ya kafa ƙungiyar Pyrameeds wadda ta yi suna da waƙar Ikon Allah, har gidan talabijin na NTA ya ba shi fili nasa. A Jos kuma Panam Percy Paul ya buɗe makarantar koyon kiɗa.

Amma misalin da ya fi kusa da gida shi ne na Audu Maikori, lauya, ɗan asalin Kwoi. A farkon shekarun 2000 shi da abokinsa Paul Okeugo suka kafa wata ƙungiya ta mawaƙa da masu fasaha da ake kira GAP, inda matasa ke haɗuwa a Abuja da Jos, kowa ya gabatar da abin da ya tsara a saurara. Daga irin wannan zama ne kamfanin Chocolate City ya tashi a 2005. Mawaƙinsa na farko shi ne Jeremiah Gyang, wanda ya yi fice da waƙar Hausa mai suna Na Ba Ka, sa'an nan M.I Abaga da Jesse Jagz da Ice Prince suka biyo baya. A 2007 Maikori ya ci lambar British Council ta matashin ɗan kasuwar kiɗa na duniya, a 2019 kuma kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da Warner na Amurka.

Abin lura a nan shi ne yadda abu biyu suka haɗu a wuri guda: zaman sauraron juna, da kuma lauya wanda ya san takarda. Irin wannan haɗi ne taron Kwoi yake bukata.

LOKACI DA MAHALARTA

Mai shirya taro a ƙasar Jaba dole ya fara duba kalandar manomi. Ana dasa citta da faɗuwar damina, wajen Afrilu da Mayu, a haƙe ta daga ƙarshen shekara, a tsaga a shanya. Disamba kuma ta Kirsimeti ce da bukukuwan aure. Saboda haka tsakanin ƙarshen Janairu da Maris ya fi dacewa, lokacin da aiki ya yi sauƙi, akwai ɗan kuɗi a hannu, ga shi kuma sababbin waƙoƙi za su sami filin fita a Ista da Tuk Ham. Kwana huɗu ko biyar sun isa, a wurin da ke da ɗakin kwana da wutar da ba ta dogara da layi ba. A kuma tsara yadda baƙi za su iso da rana su koma da rana, saboda halin da hanyoyin yankin suka sha shiga.

Mahalarta kada su wuce talatin, don in suka yi yawa taro ya zama lacca. Sharaɗin shiga guda ne: kowa ya zo da waƙa biyu da shi ya ƙaga, ko a rubuce ko a waya. Wannan zai tace 'yan rakiya. Kada a sa takardar makaranta cikin sharaɗi, domin gwanayen Zumuntar Mata da yawa ba su yi nisa a boko ba, alhali kuwa su ne ginshiƙin abin. A ba mata aƙalla rabin kujeru, a kuma yi tanadin mai rainon yara. A gayyato tsofaffin mawaƙan gargajiya, a gayyato matasa masu waƙar zamani, a kuma buɗe ƙofa ga maƙwabta, Bajju da Atyap da Gwong da Hausawan Kafanchan, Kirista da Musulmi. Satar waƙa ba ta tambayar addinin mai ita.

Malamai huɗu sun wadatar: tsohon mai tsara waƙa da jama'a suka yarda da shi, da masanin harshe, da mai haɗa kiɗa a situdiyo, da lauya ko jami'in NCC. Harshen koyarwa ya zama Hausa da Hyam. In aka yi da Turanci tsantsa, rabin ɗaki zai yi shiru.

ABIN DA ZA A KOYAR

Yini biyun farko na sana'ar kanta ne. Kowa ya rera waƙarsa, sauran su faɗi inda ta kama su da inda ta sake su. A nan ake koyon yadda amshi ke zama gajere mai sauƙin kamawa, da yadda baiti ke ɗaukar magana ɗaya ya kai ta gida, da yadda ake zubar da kalmar da aka cusa don cike gurbi kawai. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya ba da labarin ɗan adam kala-kala. Yawan kayan kiɗa ba ya rufe ramar magana.

Babban darasi a nan shi ne na karin sauti. Hausa da Hyam duka harsuna ne da hawa da saukar murya ke canja ma'anar kalma. Kukan yaro daban, kukar miya daban, ko da yake rubutunsu ɗaya ne. In aka ɗora kalma a kan muryar da ta hau inda ya kamata ta sauka, mai sauraro zai ji baƙon abu, wani lokaci ma ya ji abin dariya. Wannan ita ce matsalar waƙoƙin da aka fassara aka bar su da muryar Turai. Tsofaffin mata suna kiyaye wannan ƙa'ida ba tare da sun san sunanta ba, matasa kuwa da ke ɗora kalmomi a kan kiɗan kwamfuta su ne suka fi karya ta. Zaman tsoho da yaro a benci ɗaya shi ne maganin abin.

Ya kamata kuma a ware lokaci domin rubuta waƙa da Hyam. 'Ya'yan Ham da yawa da suka tashi a birane Hausa da Turanci suka fi zama a bakinsu. Yaro yakan manta darasi, amma da wuya ya manta waƙar da uwarsa ta rera masa.

Yini na uku na takarda ne. A raba mahalarta uku-uku su tsara sabuwar waƙa tare, sa'an nan kafin kowa ya tashi su cika takardar rabo: sunan waƙa, ranar da aka yi ta, wanda ya kawo kalmomi, wanda ya kawo murya, kason kowa cikin ɗari, da sa hannu. Takarda ce ta shafi ɗaya, amma rashinta ya raba abokai da yawa. Ana cika ta tun waƙa ba ta kawo ko kwabo ba, don in kuɗi suka shigo kowa tunaninsa yakan canja. A nan ne lauya zai bayyana bambancin sayar da waƙa ɗungurungum da ba da izinin amfani da ita na ɗan lokaci, ya kuma nuna yadda ake rajista da Hukumar ta intanet. Rajistar ba dole ba ce, amma shaida ce ranar gardama.

Yini na huɗu na ɗauka ne da kasuwa. A ɗauki kowace waƙa da murya mai tsabta, a rubuta sunan mai ita a jikin fayil. A koya wa mahalarta yadda ake sa waƙa a YouTube da Audiomack da Boomplay da Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021. A kuma gaya musu gaskiya cewa abin da waɗannan ke biya kan kowane sauraro ƙanƙane ne ƙwarai, sai an tara masu sauraro da yawa. Ga mai waƙar ƙauye, amfaninsu na farko shi ne shaidar suna da kwanan wata. Kuɗin kusa suna wajen gayyata zuwa biki da taro, da rubuta wa wani mawaƙi waƙa bisa yarjejeniya.

"KYAUTAR ALLAH CE"

Akwai maganar da masu shiri za su ci karo da ita tun ranar farko. Da yawa daga masu waƙar majami'a suna ganin waƙa baiwa ce da Allah ya ba su kyauta, saboda haka neman kuɗi a kanta abin kunya ne. Wannan ra'ayi abin girmamawa ne, kuma doka ba ta tilasta wa kowa ya sayar. Mai waƙa yana da ikon ya ce kowace majami'a ta rera kyauta har abada. Amma sai mai abu ne ke iya kyauta da shi. In wani ya ɗauki waƙar ya buga ya sayar da sunansa, to an riga an yi ciniki da ita, sai dai kuɗin sun shiga aljihun da bai yi wahala ba. Ƙasa mai albarka ma ai baiwar Allah ce, amma ba a taɓa jin manomin citta ya bar buhunansa a bakin hanya don kowa ya ɗauka ba.

SU WA ZA SU ƊAUKI NAUYI?

Kuɗin irin wannan taro ba su kai na biki ɗaya na mai hali ba: abinci, wurin kwana, man janareta, kuɗin motar malamai da hayar kayan ɗauka. Majalisar ƙaramar hukuma da majami'u da ƙungiyoyin ci gaban Ham da 'ya'yan ƙasar da ke Abuja da Ikko suna iya haɗa su. Abin gudu biyu ne. Ɗaya shi ne kashe rabin kuɗin a kan babban tebur da manyan baƙi. Ɗayan kuma shi ne miƙa taron ga ɗan siyasa guda, domin ranar rufewa duk waƙoƙin za su koma kirarinsa. Ya kyautu ma kowane mahalarci ya biya ɗan abin da ba zai gagare shi ba, saboda abin da mutum ya sa kuɗinsa ya fi riƙe shi da daraja.

Ba a kuma auna taro da yawan waɗanda suka zo. Bayan wata uku a sake haɗuwa na yini ɗaya a tambaya: waƙa nawa aka gama, nawa aka ɗauka, nawa ke da takardar rabo? A buɗe babban littafi a ajiye a wurin da kowa ya amince da shi, a riƙa shigar da sunan kowace waƙa da na mai ita, har da na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya in akwai masu shaida.

A daminar 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a Jaba da Kachia da Kagarko, ta ruɓar da amfanin manoma masu yawa, gidaje da dama suka rasa abin biyan kuɗin makaranta. Wannan ya nuna haɗarin dogara ga amfani guda. Waƙa ba za ta maye gurbin citta ba, amma ita ma dukiya ce da ƙasar Ham ke nomawa kowace shekara, ba ta bukatar taki, cuta kuma ba ta kama ta. Abin da ya rage shi ne masu ita su koyi sa mata suna kafin ta bar gida.